Na'urar neman zinariya: wace lambar kilohaz ce ta dace da ƙasar da za ka taka?

Wanda ya tara ɗan jarinsa a Damagaram da niyyar hawa arewa neman zinariya, ko da niyyar saya wa ƙanensa na'ura ya tafi da ita a raba abin da Allah ya bayar, zai ji magana uku daga bakin dillalai uku. Na farko zai ce a ɗauki mai kilohaz 71, tunda lambarta ta fi kowace girma. Na biyu zai ce ai mai ƙaramar lamba ce ke nutsawa cikin ƙasa. Na uku zai yi dariya ya ce in ba GPX ba, wato babbar na'urar nan mai tsada ta kamfanin Minelab, duk kayan wasan yara ne. Babu wanda ya shara ƙarya zalla a cikinsu, sai dai kowa ya faɗi ɓangaren da zai fitar masa da abin da ke shagonsa. Lambar kilohaz da ke jikin kwali ba ma'aunin ƙarfin na'ura ba ce. Abu biyu take gaya maka: irin ƙarfen da na'urar ta fi ji, da irin ƙasar da za ta iya jurewa.

Abin da lambar take nufi

Faifan da ake shafawa a kan ƙasa waya ce ta jan ƙarfe a naɗe a ciki, yawanci naɗi biyu. Naɗi ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, yana juyawa gaba da baya sau dubbai a daƙiƙa guda. Idan ya tarar da ƙarfe, sai wata 'yar wuta ta zagaya a jikin ƙarfen ta haifar da nata maganaɗisun, naɗi na biyu ya kama shi, kai kuma ka ji kuka a kunne. Kilohaz ɗaya juyi 1,000 ne a daƙiƙa. Mai kilohaz 6.5 tana juyi 6,500, mai 71 tana juyi 71,000. Ma'auni ɗaya ne da wanda ake ambata a rediyo mai gajeren zango, sai dai na'urorin neman ƙarfe suna can ƙasa sosai, galibinsu tsakanin kilohaz 3 da 100. Su ne za ka ga an rubuta musu VLF.

Ƙaramar lamba ta fi dacewa da ƙarfe babba mai kauri, mai saurin ɗaukar wuta, irin azurfa, jan ƙarfe da babban dunƙulen zinariya, kuma ma'adinan ƙasa ba su cika tayar mata da hankali ba. Babbar lamba ita ke jin ƙaramin abu, irin ɗigon zinariya mai giram 0.1 wanda bai wuce girman ƙwayar gero ba, amma tana jin sauran abin da ke cikin ƙasar ma: baƙin yashi, jar marmara, gishiri. Kamar rariya ce mai ƙananan ido, tsaki ba ya wuce ta, amma tsakuwa da ƙaiƙayi ma a cikinta suke zama.

Akwai kuma wani dangi dabam da ake rubuta wa PI. Su ba sa kaɗawa a jere. Bugu suke aikawa mai ƙarfi, su yanke wutar, su saurari yadda amsar ke mutuwa. Amsar ƙasa tana mutuwa da wuri, ta ƙarfe tana ɗan jimawa, a wannan tazarar suke kama abin. GPX tana cikin wannan dangi, don haka duk wanda ya ce maka GPX tasa "mai kilohaz kaza" ce don ya gwada ta da VLF irin su Gold Bug, ya haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Abubuwan da za a auna

Na farko girman zinariyar wurin da za ka. Wannan ya fi komai. Lokacin da aka gano zinariya a Jado a watan Afrilun 2014, daga baya a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya a shekarar, waɗanda suka fara isa sun tarar da fili da ba a taɓa bi ba, manyan dunƙule suna kusa da sama. Dubban na'urori sun bi ta kan waɗannan filaye tun daga lokacin. Abin da ya rage a wurin da aka tattake iri biyu ne: ƙanana da manyan na'urori suka tsallake, da manya da suka yi zurfin da ƙananan na'urori ba su kai ba. Na'urar da ke kama ɗaya ba lalle ta kama ɗayan ba.

Na biyu halin ƙasa. Akwai gwajin da ba ya cin ko dala: ka ciro maganaɗisun tsohuwar sifika, ka naɗe shi a leda, ka ja shi cikin yashin ƙorama. Idan ya fito da baƙin gari ya miƙe a jikinsa kamar gashi, ƙasar nan tana da ƙarfe da yawa, kuma mai babbar lamba za ta sha wuya a kanta. Gishiri da kanwa su ma suna da nasu: a bushe ba su cika damuwa ba, amma da sun ji danshi sai ƙasar kanta ta riƙa ɗaukar wuta tana sa na'ura kuka. Mai zuwa yankin Kawar, daga Bilma zuwa Sigidin, ya riƙe wannan.

Sai zurfi, farashi, ƙarko, sauƙin aiki da haɗarin asara. A kan farashi, abin da zan ambata ƙiyasi ne na sabuwa ta asali a kasuwannin ƙasashen da ake ƙera su, a juye zuwa sefa. Kuɗin jigila, duwan da ribar ɗan kasuwa suna hawa a kai, ko ta Kano ta shigo ko ta Agadas. Yana da kyau kuma a riƙa lissafin farashin da giram. A watan Maris na 2025 oza ɗaya, wato giram 31.1, ta haura dalar Amurka 3,000 a kasuwar duniya, abin da ya kai giram ɗaya wajen jika 58 a lokacin, kafin mai saye a daji ya zaftare nasa. A wannan lissafin na'urar rabin miliyan wajen giram 9 ce, ta miliyan 5 kuwa ta haura giram 80 kafin ta mayar da kuɗinta, ban da mai, ruwa, abinci da kason mai mota.

Kilohaz 3 zuwa 15: na kuɗin da, ba na daji ba

Nan ne Garrett Ace 250 take da kilohaz 6.5, da Teknetics T2 mai 13, da Garrett AT Pro mai 15. An yi su ne don masu neman tsofaffin sulalla da zobba a gonaki da bakin teku a Turai da Amurka. Suna da sauƙi, ba su da nauyi, Ace 250 batir huɗu na tocila ƙanana take ci, kuma ƙananansu sukan kama daga wajen jika 150. Suna bambanta baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa da kyau.

Ga zinariyar daji kuwa, ta ƙasa-ƙasan nan asarar kuɗi ce. Ɗigo mai ƙasa da rabin giram za ta wuce ta kansa shiru, kuma Ace 250 ba ta da hanyar da mai ita zai daidaita ta da ƙasa da hannunsa, saboda haka a jar ƙasa zurfin da ake yi mata kirari da shi sai ya zube. T2 ta fi ta nesa ba kusa ba, tana iya kama mai giram ɗaya zuwa sama idan bai yi zurfi ba. Amma wanda zai kashe kuɗin T2 don zinariya, gara ya ƙara kaɗan ya hau mataki na gaba.

Kilohaz 18 zuwa 20: tsaka-tsaki

Garrett AT Gold tana da 18, Fisher Gold Bug Pro tana da 19, Minelab X-Terra 705 kuma tana ba da 18.75 idan aka sa mata faifan da aka yi don haka. Ita wannan canza faifai shi ke canza mata lamba, tsakanin 3, 7.5 da 18.75. Farashinsu yana yawo tsakanin jika 350 da 500.

Waɗannan ba su yi fice a komai ba, ba su kuma faɗi a komai ba. Suna jin zinariya daga 'yan kason giram zuwa sama, sun fi masu babbar lamba natsuwa a ƙasa mai baƙin yashi, kuma a kan dunƙule mai giram biyar ko goma sukan ɗan fi su zurfi. Suna da allo mai nuna lambar ƙarfe, wanda ke rage haƙar banza a wurin da mutane suka zauna suka bar gwangwani da ƙusa. AT Gold a rufe take ruf don ruwa, kuma abin da ya hana ruwa shiga ya hana ƙurar hunturu. A ganina wannan rukunin an rage masa daraja fiye da kima, don kawai lambarsa ba ta burge mai saye.

Kilohaz 45 zuwa 71: masu tsintar ƙanana

A nan kasuwar ta fi cika. Minelab Gold Monster 1000, wadda ta fito a 2017, tana da 45. Garrett Goldmaster 24k tana da 48. Makro Gold Racer 56. Nokta Gold Kruzer da Gold Finder 2000, na kamfanin Turkiyya, 61. Fisher Gold Bug 2, wadda ke kasuwa tun 1995, ita ce mai 71. Galibinsu tsakanin jika 400 da 600 suke, nauyinsu wajen kilo ɗaya da rabi ne, mutum zai wuni yana lilo da su kafaɗarsa ba ta mutu ba.

Abin da suke yi babu mai yi kamarsu: ɗigon da ido ba zai tsinta a cikin yashi ba, za su yi kuka a kansa. Haka kuma zinariyar da ke warwatse cikin farin dutse, wadda ba ta dunƙule wuri ɗaya ba, sun fi kowa jin ta, shi ya sa masu rijiyar haƙar zinariya ke amfani da su wajen tantance duwatsun da aka fito da su kafin a kai injin niƙa. Amma zurfinsu a kan irin waɗannan ƙanana 'yan santimita ne. Mai wannan na'ura aikinsa a hankali yake, faifai yana gogar ƙasa, taki ɗaya-ɗaya, wani lokaci sai an share saman ƙasa da shebur an sake bi.

Matsalarsu duwatsu masu kuka. Za ka ji ƙara mai daɗi, ka durƙusa, ka haƙa, ka tarar da wani baƙin dutse ko ja mai nauyi, ka jefar da shi gefe ƙarar ta bi shi. A wasu wurare na Abzin da duk inda dutsen wuta ya farfashe, mai 61 ko 71 za ta riƙa yin haka duk bayan 'yan taku, har kunne ya gaji ya daina bambancewa. Maganin shi ne a rage mata ji, amma da ka rage ji ka zubar da abin da ka sayi babbar lamba dominsa. Wannan ne ya sa 45 da 48 suka fi 71 amfani ga yawancin mutane, duk da lambar ta fi ƙanƙanta.

Wajen sauƙi akwai rata babba a cikin rukunin. Gold Monster ita ke daidaita kanta da ƙasa, maɓallanta kaɗan ne, yaron da bai taɓa riƙe na'ura ba zai kama hannu a yini ɗaya ko biyu. Tana zuwa da batirin caji, tana kuma karɓar ƙananan batir takwas idan caji ya ƙare, abin da ke da muhimmanci a inda sola ɗaya ce mutum goma ke layi a kanta. Gold Bug 2 ba ta da allo mai nuna lambar ƙarfe, da hannu ake daidaita ta: kana ɗaga faifai kana saukewa kana murɗa maɓalli har ƙarar ta tsaya cak, kuma da ƙasa ta canza launi sai ka sake. A hannun gwani abin mamaki ce. A hannun sabon shiga kuwa kuka kawai za ta yi ta yi, ya dawo yana cewa an cuce shi. Batirinta masu kusurwa huɗu ne na bolt 9, guda biyu, a saye su da yawa tun daga gari.

Masu lamba da yawa a lokaci guda

Minelab Equinox 800, wadda ta shigo a 2018, tana iya aiki da lambobi da yawa tare, tana kuma barin ka zaɓi ɗaya tilo: 5, 10, 15, 20 ko 40. Nokta Legend tana da 4, 10, 15, 20 da 40. XP Deus II ta Faransa tana yawo daga 4 zuwa 45. Farashi daga wajen jika 350 zuwa kusan miliyan ɗaya.

Amfanin haɗa lambobi shi ne na'urar tana gwada amsar ƙaramar lamba da ta babba, ta cire ta ƙasa, ta bar ta ƙarfe. A ƙasa mai gishiri da danshi babu wata VLF mai lamba ɗaya da ke kama ƙafarsu. Suna bambanta ƙarafa da kyau, kuma a kan ƙananan zinariya sun kusa kamo Gold Monster, ko da yake Gold Bug 2 ta fi su a kan mafi ƙanƙanta.

Inda nake ja da baya da su wajen ƙarko ne da sauƙi. Batirin Equinox a cikin jikinta yake, da waya ake caji, yana kai wajen awa 12. Idan ya mutu a daji ba a cire shi a sa na tocila, sai dai a liƙa mata bankin caji. Saitinsu yana da yawa, kuma wanda ba ya karanta Turanci ko Faransanci zai iya taɓa abu ɗaya ya kashe jin zinariya gaba ɗaya bai sani ba. Faifan Deus ba shi da waya, shi ma caji yake so, abin caji ya zama uku ke nan, da allonta da na kunne. Ga mai ilimin na'ura wannan ba komai ba ne. Ga wanda zai ba yaro amana ya tura shi tafiyar wata uku, abin dubawa ne.

PI da GPZ: masu zurfi, masu cin jari

GPX 4500 ta 2008 da GPX 5000 ta 2010 su ne suka yi tashe a Sudan, suka biyo ta Chadi har suka iso Jado. Bayansu kamfanin Minelab na Ostareliya ya fito da SDC 2300 a 2014, GPZ 7000 a 2015 da GPX 6000 a 2021, Garrett na Amurka kuma ya fito da Axiom a 2022. GPZ tana da tata fasahar dabam da PI, amma a wajen mai saye layinsu ɗaya. SDC takan kama wajen miliyan 2, GPX 5000 da Axiom sama da haka kaɗan, GPX 6000 wajen miliyan 3 da rabi, GPZ 7000 kusan miliyan 5.

A ƙasar da VLF ke haukacewa, waɗannan shiru suke tafiya, yawancin duwatsu masu kuka ma ba sa kula su. A kan dunƙule mai giram da yawa suna ninka zurfin VLF a mugunyar ƙasa, da babban faifai kuma sukan jiyo babban abu a zurfin da sai an yi haƙa har gwiwa ko fiye. GPX 5000 tana da saiti na musamman don ƙasa mai gishiri da wani don ƙananan zinariya. Tsofaffin GPX sukan tsallake ƙanana sosai da zinariyar da ke warwatse cikin dutse, wanda SDC 2300 da GPX 6000 suka gyara da yawa.

Ga abin da dillali ba zai faɗa ba. Ba su iya bambanta ƙarfe ba. GPZ 7000 da GPX 6000 ba su da wannan sam, GPX 5000 kuma tana da ɗan kaɗan, shi ma sai da faifan da ake ce wa DD kuma a kan abin da ke kusa. Kwanson harsashi, guntun waya, murfin gwangwanin sardin da wani ya binne a 2015, duk sai ka haƙa, cikin rana, ramin rabin mita. Suna da nauyi: GPZ ta haura kilo 3, sai da ɗamara a kafaɗa, GPX 5000 kuma batirinta a baya ake goya shi da waya mai saurin tsinkewa a mahaɗa. Suna kuma jin hayaniyar lantarki daga nesa. Kusa da layin NIGELEC ko eriyar waya ba su da natsuwa, hadari mai walƙiya ko yana nesa yana sa su rawar murya, kuma GPX biyu a fili ɗaya sai sun ba juna tazara sun canza tasha. Kada wanda ya sayi sabuwa ya kunna ta a tsakar gida a Zango ko Sabon Gari ya ce ta lalace. A fita da ita bayan gari, nesa da wayoyi.

Babban haɗarin rukunin nan jabu ne. An kwaikwayi GPX da yawa, kwali da launi da tambari duk iri ɗaya, har kamfanin da kansa ya koka cewa jabun sun karya masa kasuwa a Afirka. Jabu tana kunnuwa, tana kuka a kan cokali, amma a kan giram ɗaya a cikin ƙasa kurma ce. GPX "sabuwa" da aka yi maka tayinta a farashin Gold Monster, ba sa'a ka yi ba.

Gaba ɗaya a tebur

| Rukuni | Misali | Ƙananan zinariya | Zurfi a kan manya | Ƙasa mai baƙin yashi | Farashi a ƙiyasce | Sauƙi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kilohaz 3–15 | Ace 250, T2, AT Pro | rauni | matsakaici | ya danganta da na'ura | daga jika 150 | mai sauƙi |
| Kilohaz 18–20 | AT Gold, Gold Bug Pro | daidai gwargwado | matsakaici | tana jurewa | jika 350–500 | mai sauƙi |
| Kilohaz 45–71 | Gold Monster, 24k, Gold Bug 2 | mafi kyau | kaɗan | tana wahala | jika 400–600 | daga mai sauƙi zuwa sai gwani |
| Lamba da yawa | Equinox 800, Legend, Deus II | mai kyau | matsakaici | tana jurewa, har da gishiri | jika 350 zuwa miliyan 1 | sai an koya |
| PI da GPZ | GPX 5000, 6000, GPZ 7000 | ya danganta da samfuri | mafi zurfi | mafi kyau | miliyan 2–5 | sai an koya, ga nauyi |

Gwaji kafin biya

Ka je da zinariyarka, ba ta mai shago ba: ɗigo ɗaya mai giram 0.1 ko 0.2, da wani mai giram ɗaya, kowanne a liƙe cikin leda don kada ya ɓace. Ka je kuma da jar ƙasa ko baƙin yashi cikin kwanon roba. Gwajin iska, wato a wuce da zobe gaban faifai, kowace na'ura tana cin sa, har jabu. Ka binne ɗigon a ƙasar da ka zo da ita, santimita 3, sannan 5, sannan 10, ka cire agogo da zobe daga hannunka, ka sa mai shago ya daidaita na'urar a gabanka. Inda ta daina ji, nan ne gaskiyarta. Ka duba lambar jikinta ta yi daidai da ta kwali, ka tambayi takardar saye da hanyar tantance ta wurin kamfani. Ka kuma ciro murfin da ke ƙarƙashin faifai idan ta hannu ce: baƙin yashi yakan taru a tsakani ya sa lafiyayyar na'ura kukan ƙarya, wani lokaci abin da ya sa mai ita ya gaji da ita ke nan.

Ƙarko kuwa yawanci ba a ƙwaƙwalwar na'ura yake ƙarewa ba. Wayar faifai ce ke karyewa a gindi, kunnen faifai ke tsagewa, batiri ke kumbura idan aka bar shi cikin mota a zafin watan Afrilu da Mayu. Faifai na biyu da waya ta biyu sun fi ƙarin kilohaz goma amfani a hanyar da ta wuce Tanut da Agadas.

Wata aba kuma da ba ta cikin kowane rukuni: sanduna masu eriya da ake cewa suna "kiran zinariya" daga kilomita kaza saboda an saita su a kan lambar zinariya. Zinariya ba ta da wata lamba tata da take watsawa. A 2013 kotu a Ingila ta ɗaure wani ɗan kasuwa shekara 10 saboda ya sayar wa ƙasashe irin wannan sanda a matsayin na'urar gano bam. Haka nan babu wata na'ura, ko ta miliyan nawa ce, da ke jin garin zinariyar da sai an niƙa dutse an wanke ake gani.

Haɗarin da bai shafi lamba ba

Gwamnati ta rufe Jado a watan Fabrairun 2017, kuma dokar ma'adinai ta 2022 ta ɗora haƙar gargajiya a kan izini. A nemi bayani a ofishin ma'adinai na jiha kan inda aka yarda da takardun da ake bukata, kafin a sayi na'ura, don wadda aka ƙwace a shinge ba ta mayar da jari. Tsofaffin kufai da makabartu suna ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi ta 1997. A arewacin jihar Agadas kuma akwai wuraren da aka dasa nakiyoyi a rikice-rikicen baya, har da na 2007 zuwa 2009. Ƙara mai faɗi a gefen tsohuwar hanyar mota ba abin saka diga ba ne.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Mai jarin rabin miliyan, sabon shiga, wanda zai bi filin da aka riga aka tattake: kilohaz 45 ko 48 mai daidaita kanta. Ƙananan da zai tsinta kullum su za su riƙe shi da abinci da ruwa.

Wanda ya riga ya goge, kunnensa ya san muryar ƙasa, kuma wurin da za shi fari ne mai sanyin ma'adini, ko aikinsa tantance dutsen rijiya: 61 ko 71.

Wanda aka gaya masa ƙasar wurin ja ce ko baƙa mai kama maganaɗisu, kuɗinsa kuma bai kai na PI ba: ya sauko 18 zuwa 20, ya haƙura da mafi ƙanana.

Wanda bai tsayar da wuri ɗaya ba, yau Abzin gobe Kawar, ko mai son na'ura ɗaya da zai yi haya da ita ga masu neman abin da ya ɓace da masu aikin gini da ke neman bututu: mai lamba da yawa, muddin yana da haƙurin koyon saitinta da hanyar caji tabbatacciya.

Ƙungiya mai mota da mai ɗaukar nauyi, da ke neman sabon fili ko manyan da suka yi zurfi: PI ta asali ɗaya, tare da mai 45 ɗaya ko biyu da za su riƙa bin bayanta suna share ƙanana a duk inda ta tayar da zinariya. Idan kuɗin ƙungiyar miliyan 5 ne cif, GPX 5000 da Gold Monster biyu da faifan canji da kuɗin mai sun fi GPZ guda ɗaya da tanki babu komai.

Mai neman na'ura don gona, shago ko tsintar ƙarfen da ya ɓace a gari, ba zinariyar daji ba: mai 6.5 zuwa 15 ta ishe shi, ya bar sauran kuɗin a aljihu.